Bencin Baya

Ranar da muka binne Kawu, bayan masu gaisuwa sun watse an naɗe tabarmi, Inna ta kira ni ɗakinta. Ta daɗe tana kallon ƙasa kafin ta ce, "Kai da aka ce kana jami'a, ka gaya mini gaskiya. Yayana yana ina yanzu?" Da idonta ta ga ramin da aka sa shi, saboda haka na gane abin da take nufi: shin mutumin da ya taɓa karɓar Yesu Almasihu da zuciya ɗaya yana iya rasa cetonsa? Ni kuwa harshen Hausa nake karantawa, ba tauhidi ba. Amma a ƙauyenmu duk wanda ya shiga jami'a ana ɗauka ya haɗiye littattafan duniya. Na roƙe ta ta ba ni lokaci.

Shekara 18 Kawu ya yi yana aikin bishara. Da tsohon kekensa yake ratsa ƙauyukan gindin dutse, rani da damina, yana wa'azi yana koya wa manya karatu. A hannunsa na fara haɗa baƙi da wasali, cikin Littafi Mai Tsarki nasa, tsohuwar fassarar nan ta 1932, kuma a ajinsa na baftisma na zauna. Sai dai Allah bai ba shi haihuwa ba. Dangi suka matsa, gori ya yi yawa, har ya ƙara aure. Dattawan ikkilisiya suka sa shi ƙarƙashin horo, wato aka sauke shi daga aiki, aka hana shi jibin Ubangiji, aka nuna masa bencin baya kusa da ƙofa. Wata bakwai yana zuwa kowace Lahadi yana zama a wurin, hularsa a gwiwa, yana sauraron yaran da ya koyar suna wa'azi. Wata Lahadi muka waiga, bencin ba kowa. Daga nan sai gidan burkutu, har shekara 11, har ciwon hanta ya kwantar da shi.

A bakin kabari an karanta Ibraniyawa sura 6, inda ake gargaɗi mai tsanani a kan waɗanda suka ɗanɗani kyautar Allah sa'an nan suka juya baya. Wani dattijo kuwa da ke tsaye kusa da ni ya yi ƙasa da murya ya ce, "Dama can bai tuba da gaske ba." Inna ta ji duka biyun.

Da na koma makaranta na shiga bincike, sai na tarar ashe tambayar Inna ta girmi kakanninmu nesa ba kusa ba. A shekara ta 250 Sarkin Rum, Desiyus, ya umarci kowa ya yi hadaya ga allolin daular, a ba shi takardar shaida. Kiristoci da yawa suka yi, waɗansu suka sayi takardar. Da ƙura ta lafa suka dawo suna ƙwanƙwasa ƙofar ikkilisiya. Nobatiyan a birnin Rum ya ce kada a buɗe musu. Sifiriyan, bishop na Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau, ya ce a karɓe su bayan sun yi zaman tuba. Ra'ayin Sifiriyan ne ya yi rinjaye. Ashe bencin baya ma yana da asali, kuma waɗanda suka fara kafa shi sun kafa shi ne domin ya zama hanyar komowa.

Bayan ƙarni 13 da ɗoriya gardamar ta sake tashi a Turai. Jon Kalbin na Janeba ya koyar da cewa wanda Allah ya zaɓa, Allah ne ke riƙe da shi, ba kuwa zai suɓuce ba. Hujjar mabiyansa tana cikin Yohanna sura 10, inda Yesu ya kamanta kansa da makiyayin da ba a iya yi wa ƙwace, da kuma ƙarshen Romawa sura 8. Almajiran Yakubu Arminiyus, malamin jami'ar Laidin a Holan wanda ya rasu a 1609, suka kai ƙorafi a rubuce a 1610. Abin da ya burge ni shi ne, a kan wannan batu sun ce sai an ƙara nazarin Nassi kafin su yanke magana. Taron da aka yi a garin Dot daga 1618 zuwa 1619 ya yanke ta a madadinsu, ya bai wa ɓangaren Kalbin gaskiya. Duk da haka magana ba ta mutu ba. Mabiya Luta tun 1530 sun rubuta cewa wanda aka baratar yana iya rasa Ruhu Mai Tsarki. 'Yan Katolika suna koyar da cewa babban zunubi yana raba mutum da alheri har sai ya tuba ya furta. Jon Wesli, uban 'yan Metodis, shi ma ya tsaya a kan cewa mai bi na gaskiya yana iya faɗuwa.

Duk waɗannan ra'ayoyi sun biyo 'yan mishan zuwa ƙasarmu. Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, wadda aka kafa a 1955, ta haɗa masu bin koyarwar Kalbin na wajen Takum da Wukari, da Lutaran na Numan, da Metodis na ƙasar Muri. Da Hausa suke waƙa tare a taro, kuma na tabbata yawancin matan zumunta da ke kaɗa tulu a wurin ba su taɓa jin sunan Dot ba. Ba su yi asarar kome ba, sai ran da aka yi mutuwa irin ta Kawu.

To, ga inda na tsaya cik. Na ɗauki Kawu na aza shi a kan ma'aunin kowane ɓangare, sai na ga dukansu wuri ɗaya suke kai shi. Na Wesli zai ce yana da ceto, ya yar. Na Kalbin zai ce, idan har ya mutu a hakan, to tun farko ba shi da shi, ya kawo Yohanna ta Fari sura 2 a kan waɗanda suka fita domin dama ba na ciki ba ne. Ta ko'ina dai Inna ba ta sami abin share hawaye ba. Amma a wurina amsa ta biyu ta fi ciwo, domin ta farko ta bar wa Kawu shekarunsa 18, ta biyu kuwa ta bi su ta share. Ta mai da hawan dutsen nan da kwanan masussuka da addu'ar da ya yi a kaina ina zazzaɓi duk wasan kwaikwayo. Na san mutumin nan. Idan yaudara ce, to shi ne farkon wanda aka yaudara.

Daga nan kuma tambayar ta bar kabarin Kawu ta dawo kaina. Idan mutum zai iya yin shekara 18 yana tsammani shi mai bi ne alhali kuwa ba shi ba ne, ni da me zan gane tawa bangaskiyar? Koyarwar da aka ce tana ba da tabbaci sai ga ta ta hana ni barci. Ɗaya ɓangaren ma bai bar ni lafiya ba, gama idan riƙon yana hannuna ne, na san ƙarfin hannuna. Na gaya wa abokin ɗakina, wani Bazazzagi Musulmi, abin da ke damuna. Ya yi shiru, can ya ce ai shi ya sa su kullum suke roƙon Allah ya sa su cika da imani, don ba wanda ya ga ƙarshensa. Na yi mamakin yadda maganarsa ta yi kusa da ta Agustin, bishop na Hifo a Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430. Shi ya koyar da cewa jimrewa har ƙarshe kyauta ce dabam daga Allah, kuma muddin mutum yana numfashi bai san ko an ba shi ba, sai dai ya yi ta roƙo.

Ni dai yau na fi karkata ga cewa gargaɗin Ibraniyawa gargaɗi ne na gaske, ba a rubuta shi don tsoratar da yara ba. Amma masu rai aka rubuta wa shi, waɗanda ke da sauran damar juyowa. Karanta shi a kan gawa, ina gani, ɗora wa aya kayan da ba nata ba ne. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, Yahuza ya bashe shi, duk a dare ɗaya. Wanda ya gan su a daren nan ba zai iya faɗa maka wanne zai komo ba. Mu kuwa da Kawu iyakar gidan burkutu muka gani. Wata bakwai yana bencin baya, ban tuna wanda ya tashi daga gaba ya je ya zauna kusa da shi ba. Ni ma ban je ba, ina tsoron a ce ina goyon bayan zunubi.

Da aka yi hutu na je gida, amaryar Kawu ta miƙo mini Littafinsa, ta ce a ƙarƙashin matashinsa yake kwana har ranar da ya cika. Bangon ya rabu, an ɗaure shi da zaren buhu. Na buɗe Yohanna 10, ga jan layi da fensir. Na buɗe Ibraniyawa 6, nan ma ga layi, da fensir iri ɗaya, ba yadda za a san wanda ya riga wani. Amma in ka saki littafin a tafin hannu, da kansa yake buɗewa a Luka sura 22, wajen da zakara ya yi cara Bitrus ya fita yana kuka. Gefen takardar ya yi baƙi da dattin yatsa, har ya soma cinyewa.

Na kai wa Inna. Ba ta iya karatu ba, sai na gaya mata abin da ke shafin, na kuma ce mata iyakar abin da na samo ke nan. Ta shafa wurin da babban yatsanta, ta ce, "To." Sa'an nan ta naɗe littafin cikin ɗankwali, ta buɗe kwallar da take ajiye zannuwanta na zuwa sujada, ta sa shi a ƙasa ta rufe.