TAFIYA INGILA DOMIN RANAR YARO A FILIN TAMAULA

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridar nan tamu mai farin jini, in yi wa 'yan'uwana malamai da akawuna bayanin wata al'ada ta mutanen Ingila, da yadda mutum zai shirya tafiya da iyalinsa dominta. Tun da muka komo daga can mutane ke ta tambayata, wannan a ƙofar masallaci, wancan a bakin ofis, shi ya sa na ga gara in amsa musu gaba ɗaya.

Duk mai kallon tamaular Ingila a talabijin ya san 'yan wasa ba su fitowa fili su kaɗai. Wani lokaci shugabansu kaɗai ke riƙe da hannun yaro, wani lokaci kuwa, in wasan babba ne, kowane ɗan wasa da nasa. Turawa na kiran irin wannan yaro maskot. Ni zan kira shi ɗan rakiya, gama aikinsa ya yi kama da na zagi a gaban dokin sarki ran hawan Salla, sai dai shi kafin ka ce kwabo an sallame shi. Su a wurinsu abin ba ƙarami ba ne. Wayne Rooney, wanda ya zama shugaban 'yan wasan Ingila daga baya, ya yi wa Everton rakiya a filin Anfield cikin 1996 yana da shekara 11. Cikin watan Maris 2017 kuma wani yaro marar lafiya mai suna Bradley Lowery ya fito filin Wembley yana riƙe da hannun Jermain Defoe, ran da Ingila ta kara da Lituweniya. Ya rasu cikin Yuli na wannan shekara yana da shekara 6, har yau kuwa mutanen ƙasar ba su manta da shi ba.

Hanyar samun wannan wuri iri biyu ce. Waɗansu manyan kulob ba su sayarwa, sai su zaɓa daga cikin yaran da aka rubuta sunansu a ƙungiyar ƙananan magoya bayansu, ko daga yara marasa lafiya. Wannan rabo ne, ba a shirya tafiya a kansa. Waɗansu kuwa sayarwa su ke yi. Cikin 2018 jaridun Ingila suka buga cewa West Ham na karɓar har fam 700 a manyan wasanni, mutane suka yi ta surutu, suna cewa an mai da murnar yara haja, ɗan talaka ba shi da rabo. A ganina suna da gaskiya. Amma a ƙananan kulob na rukunin ƙasa kuɗin ba ya kai haka ko kusa, kuma yaro ya fi samun sakewa da 'yan wasa. A irinsu ne ƙanena, wanda ke aikin asibiti a birnin Libaful, ya yanka wa ɗana mai shekara 8 wuri, a wani gari da ba shi da nisa da shi a jirgin ƙasa.

To, ga inda maganar ta ke, jama'a. Ranar da aka buga a takardar jerin wasanni ba tabbatacciya ba ce, kuma ba kulob ɗin ke da iko da ita ba. Cikin watan Yuni a kan fito da jerin wasannin shekara duka, daga Agusta har Mayu. A rukunin Firimiya kulob 20 ne, kowane ya yi wasa 38, 19 a gida, 19 a waje. Mutum ya duba ya ga an rubuta ran Asabar kaza da ƙarfe 3 na yamma, sai ya ɗauka magana ta ƙare. Alhali kuwa akwai wata tsohuwar ƙa'ida a ƙasar, cewa ba a nuna tamaula kai tsaye a talabijin ɗinsu ran Asabar daga ƙarfe 2.45 zuwa 5.15, wai don kada mutane su zauna gida su bar filayen ƙananan kulob fayau. Sabo da haka duk wasan da masu talabijin suka zaɓa su nuna, dole a ɗauke shi daga wannan lokaci, a kai shi Jumma'a da dare, ko Asabar da tsakar rana ko da maraice, ko Lahadi, ko Litinin da dare. Su ne kuwa masu zuba kuɗi, ba mai ja da su. Ba su kan faɗi zaɓinsu ba sai saura makonni. Ban da wannan, kulob ɗin da ya yi wasan nahiyar Turai ran Alhamis ba ya wasa ran Asabar, sai Lahadi. Wanda ya yi nisa a Kofin Ƙalubale, cikin Maris ko Afrilu, a kan ɗage wasansa na rukuni zuwa wata rana dabam, wani lokaci tsakiyar mako. Ƙananan kulob kuma in an kira musu 'yan wasa uku zuwa aikin ƙasashensu suna da damar ɗagewa, in sanyi ya daskarar da fili kuwa alƙalin wasa na iya soke shi da safiyar ranar. Sa'an nan akwai abin da ba mai hasashensa. Sarauniya Alisabatu ta rasu ran Alhamis 8 ga Satumba 2022, washegari aka yi shelar an ɗage wasannin ƙarshen wannan mako duka. Ku tuna da wanda ya riga ya sauka daga jirgi da 'ya'yansa ran nan.

Sabo da haka shawarata ita ce, kada mutum ya ɗauki ranar a matsayin rana guda, ya ɗauke ta kwana huɗu, daga Jumma'a zuwa Litinin. Ya isa ƙasar ran Laraba ko Alhamis, kada kuma ya sa ranar komowa kafin Talata. Tikitin jirgi ya sayi irin wanda a ke iya sauya wa rana, ko da ya fi tsada, haka kuma masauki. Kafin ya biya kulob ko kwabo, ya sa su rubuta masa abin da za su yi in an ɗage wasan, gama galibi wata rana su ke bayarwa, wannan kuwa ya isa ga mazaunin garin, amma ba shi da amfani ga wanda zai koma Kano. Abin da ya fi duka, kada a gaya wa yaro rana tun da wuri. Babba in aka saɓa masa ya san sha'anin duniya, yaro kuwa ba zai ce masu talabijin ne suka yi ba, zai ce Baba ne.

Wane wata ya fi? Mu malaman makaranta da 'ya'yanmu hutu uku gare mu. Hutun Disamba wasanni sun yi yawa, amma sanyin ba a magana, rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4, har in an fara wasa ƙarfe 3, magariba kan riske ka sa'ad da 'yan wasa ke hutun rabin lokaci. Yaron da ya tashi a Sakkwato ko Nguru, a sa shi gajeren wando a wannan iska, abin tausayi ne. Hutun Afrilu shi ne lokacin da Kofin Ƙalubale ke hargitsa jeri. Saura babban hutu, watau ƙarshen Agusta, shi muka zaɓa. Babu sanyi sosai, yini na da tsawo har wajen ƙarfe 8 da rana a waje, agogonsu kuma daidai da namu ya ke, gama sai Lahadin ƙarshe ta Oktoba su ke mai da shi baya da sa'a guda. Aibinsa ɗaya ne, tsakanin fitowar jeri da ranar wasa wata biyu ne kacal, a ciki kuwa za a nemi biza.

Ita bizar baƙunci ta wata shida ce, kowane mutum da tasa har jariri, kuɗinta fam 127 a kan kowa cikin 2025. Ba a nema sai tafiya ta rage wata uku ko ƙasa da haka, hukuma kuma ta ce galibi mako uku a ke yi kafin amsa ta fito. Kada a dogara da mako ukun nan, gama damina ce lokacin da ɗalibai ke tururuwa. In uba kaɗai zai tafi da yaro, ya riƙe takardar yardar uwar da takardar haihuwa. Daga Abuja zuwa Landan sa'a shida da 'yan kai ne a sama, daga tashar Euston ta Landan zuwa Libaful kuma sa'a biyu da kwata a jirgin ƙasa.

Ranar kanta ba ta da dogon labari. Muka isa sa'a biyu kafin wasa, aka ba yaro riga da wando da safa irin na kulob, aka shiga da shi da sauran yaran ɗakin 'yan wasa suka sa masa hannu a riga. Aka bar su suka ɗan buga ƙwallo a gefen fili, mai shela ya kira sunansa a lasifika, ya murɗe sunan yadda Turawa kan yi, muka yi ta dariya. Da lokaci ya yi suka fito daga ƙarƙashin rumfa biyu biyu, jama'a na tafi, aka ɗauki hoto a tsakiyar fili tare da alƙalin wasa, shi ke nan. Tun daga fitowa har aka komo mana da shi bai fi minti biyar ba. Uwarsa ta dube ni ta ce, "Malam, wannan ne muka ƙetare hamada dominsa?" Shi kuwa gogan bai cire rigar ba sai da aka yi da gaske, washegari.

Tambayar tata tana kan hanya, shi ya sa na ke cewa kada mai iyali ya bar sauran kwanakin ba shiri, balle in akwai waɗansu yara, waɗanda ba a kira sunansu a lasifika ba. Mun yi sa'a Libaful gari ne da ɗan Nijeriya ba zai rasa abin dubawa ba. Yana bakin kogin Mersey, inda ya kusa shiga teku. Nan ne gidan kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster, waɗanda suka daɗe suna jigila tsakaninsa da Ikko, tafiyar kamar mako biyu. A nan 'yan tamaular Nijeriya na farko da suka je Ingila suka sauka daga jirgin Apapa cikin Agusta 1949, su 18, Etim Henshaw ne shugabansu, da Teslim Balogun a ciki. Wasansu na fari da kulob ɗin Marine suka yi a Crosby, arewa kaɗan da garin, yawancinsu ba takalmi, suka ci 5 da 2. Na tsaya da yara a bakin ruwa na ba su wannan labari, sa'an nan muka shiga jirgin fito muka ƙetare kogin muka komo. 'Yata ta ce wannan ya fi mata tamaula daɗi.

Filin Anfield da na Goodison Park suna kallon juna, wani lambu mai suna Stanley Park ne kaɗai tsakaninsu, tafiyar ba ta kai mil guda ba. Dalilin kusancin abin dariya ne. Da fari Everton ke wasa a Anfield, sai cikin 1892 suka ɓata da mai filin, John Houlding, a kan kuɗin haya, suka kwashe kayansu suka ƙetare lambun. Shi kuwa da ya ga an bar shi da fili ba 'yan wasa, sai ya kafa nasa kulob ya sa masa sunan garin. Cikin 2025 mazan Everton suka tashi zuwa sabon fili a bakin kogi, aka bar wa 'yan wasansu mata tsohon. Ran da ba wasa a kan biya kuɗi a zaga da baƙi cikin Anfield, su ga ɗakin 'yan wasa da kofuna, wannan kuwa kowane yaro na iya shiga, ba zaɓe. Akwai kuma gidan kayan tarihi na World Museum kusa da tashar jirgin ƙasa, shiga kyauta, yara sun yini a ciki ba su gaji ba.

Abinci bai ba mu wahala ba. A unguwar Toxteth, musamman titin Lodge Lane, akwai Yamalawa da Somaliyawa da suka daɗe a garin, da mahauta masu yankan Musulunci da gidajen abinci, da babban masallacin Al-Rahma kusa. Amma Jumma'a a wani wuri muka yi ta, a Brougham Terrace, gida mai lamba 8. Wani lauya haifaffen garin, William Quilliam, ya tafi Maroko, ya komo ya musulunta cikin 1887, ya ɗauki sunan Abdullahi. Cikin 1889 ya buɗe masallaci a wannan gida, mutanen garin na jifarsu da duwatsu, bai fasa ba. Sarkin Musulmi na Istanbul, Abdulhamid na Biyu, ya naɗa shi Shaihul Islam na tsibiran Biritaniya, cikin 1894 kuma shi ne ya wakilce shi a Ikko wajen buɗe masallacin Shitta-Bey. Bayan ya bar ƙasar cikin 1908 aka mai da gidan ofishin rubuta haihuwa da aure, ya daɗe a haka, sai cikin 2014 Musulmin garin suka gyara shi aka koma salla a ciki. Ɗakin sallar ƙarami ne, mai son sahun gaba sai ya yi sammako, in da yara kuwa ya fi kyau a hau mota daga tsakiyar gari, don tafiyar da ɗan hawa.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta,
Kano.