Autanmu Ya Tare A Jirgin Ruwa

Ranar da autanmu ya bugo waya daga Landan ya ce ya saki ɗakin haya zai tare a jirgin ruwa, ina tsakar gida ina tankaɗe, sai da na ajiye rariyar. Na ce, "Auta, jirgi kuma? Sarkin Ruwan Yawuri aka naɗa ka?" Ya yi dariya ya ce, "Yaya, kuɗin haya ne ya ishe ni, kuma mutane da yawa haka suke zaune a nan."

Ni dai Bagwai ce ta faɗo min a rai, ƙarshen Nuwamban 2021, da jirgi ya kife da 'yan makarantar Islamiyya. Tun daga lokacin Hajiyarmu ko zancen kwale-kwale ba ta so. Na ce masa kada ya kuskura ta ji.

Ashe ba teku ba ne. Wata magudana ce da Turawa suka haƙa don jigilar kaya, Regent's Canal, tun 1820 aka gama ta, kuma a wurare da yawa ruwan bai wuce ƙirjin namiji ba. Jirgin siriri ne, faɗinsa bai cika ƙafa 7 ba, sai tsawo kamar lungu. Hankalina ya ɗan kwanta, ban san wahalar a takarda take ba.

Hukumar da ke kula da ruwan, Canal & River Trust, ba ta ba ka lasisi sai ka kawo shaidar an duba gas da wuta da man jirgin, wadda ake sabuntawa duk shekara 4, sannan inshorar da za ta iya biyan diyya har fam miliyan 2. Da ya faɗi haka salati na saka, na zaci shi zai biya miliyan biyun. Sai ya fahimtar da ni cewa wannan ta ɓarnar da zai yi wa wani ce. Idan nasa jirgin ya nutse kuwa, sai dai in ya yanki babbar inshora, su kuma kamfanonin ba sa yarda da tsohon jirgi sai an ciro shi daga ruwa an auna kaurin ƙarfen gindinsa. Jirgin farko da ya ƙyalla ido a kai, fenti sabo fil, da aka ɗaga shi tsatsa ta cinye ƙasan. Kuɗin dubawa suka tafi a banza, ciki har da ɗan abin da na tura masa na cinikin littafina. Na ji zafi, ban ɓoye masa ba. Na biyun ne ya saya.

Sai maganar wurin zama. Wanda ba shi da matsaya ta dindindin ba ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya, dole ya kunce ya yi gaba, in ya saɓa lasisinsa na cikin haɗari. Wannan ta fi komai damuna. Baƙo a ƙasar mutane, zamansa da takarda, amma ba shi da ƙofar da wasiƙar banki ko ta asibiti za ta same shi, sai adireshin aboki.

Abin da ya kusa raba mu da shi kuma ba ruwa ba ne. Da sanyi ya shigo ya kunna murhun gawayi ya rufe ko'ina ya kwanta, bai san bututun hayaƙin ya toshe ba. Akwai wata 'yar na'ura mai ƙara da aka wajabta sawa a jiragen tun Afrilun 2019, ita ta tashe shi tsakar dare, kansa kamar zai tsage. Irin gubar nan ce marar wari da ke kashe mutane a nan gida idan aka kwana da janareta ko kaskon wuta a ɗaki. Sai bayan sati ya gaya min, wai kada na tayar da hankalina.

Har yau Hajiya ta ɗauka a bene yake. Jiya suna waya ta ce, "Wai Auta, agwagi kake kiwo ne? Kullum sai na ji kukansu." Ya ce na maƙwabta ne. Ta juyo ta dube ni, ni kuwa na sunkuyar da kai na ci gaba da tsintar shinkafata.