Dabinon tukunya a barandar Legas

Idan hanya ta kai ka Legas, mai karatu, ka samu wata la'asar ka hau barandar bene a Obalende ko Lekki. Kafin ka hango ruwa za ka ji iskarsa. Daga Tekun Atalantika take tasowa, da danshi da gishiri-gishiri. A ƙasa, cikin hayaƙin danfo, da kyar za ka ji ta. A hawa na uku kuwa tana iya raba ka da hularka.

A irin waɗannan barandu ne mutanenmu da suka baro tsakar gida da inuwar darbejiya suke rage kewa da shuka a tukunya. Da yawa ɗan dabinon ado suke saye wurin masu furanni na bakin titi, irin wanda bai cika wuce tsayin mutum ba. Bayan wata biyu sai bakin ganyen ya bushe kamar an babbaka shi, a ɗora wa rana laifi. Alhali iska ce ke tsotse ruwan ganyen fiye da yadda saiwa ke iya mayarwa, gishiri kuma ya daskare a kai. Saboda haka ka matsar da shi kusurwar bango, ka riƙa tura yatsa cikin ƙasar, in ta bushe ka shayar, sannan duk mako ka wanke ganyen da ruwan famfo. Ka kula da tsiron tsakiya. Kan dabino ɗaya ne, kamar na giginya. In ya karye ba ya sake tohowa.

Abin da ya fi damuna dai ba ganyen ba ne. Dabino a tukunya tamkar buɗaɗɗiyar laima yake, guguwar da ke zuwa gaban hadari a farkon damina kuwa ba ta sallama. Tukunyar roba ba ta da nauyin da za ta tsaya mata. Sau nawa na ɗaga kai a titi na ga an jera tukwane a kan katangar baranda, yara na buga ƙwallo daidai ƙarƙashinsu! Ka nemi ta siminti mai faɗin gindi, ka girke ta a daɓe. Kada kuma ta kusanci ƙarfen baranda, domin ga ɗan shekara 3 wannan matattakala ce.

Akwai ƙaya masu tsini a gindin kowane reshe, daidai idon mai rarrafe. Ka datse su da almakashi. Farantin da ake sa wa ƙarƙashin tukunya shi ma ka zubar da ruwansa bayan kowace shayarwa, don a zafin Legas kwana 7 zuwa 10 sun ishi sauro ya tashi daga ƙwai ya fara cizo.