Laftof ɗin Ɗakin Hajiya

Shekara uku ke nan da na ɗauko mahaifiyata daga Damagaram ta dawo wurinmu a Kumasi. Idonta ya yi rauni, fuskar waya ta yi mata ƙanƙanta, saboda haka duk Juma'a bayan la'asar nake kai mata laftof ɗina ɗakinta ta yi hira da yayarta ta WhatsApp. Agogon Nijar yana gaban namu da awa ɗaya, don haka ba ma jinkiri, kada magariba ta riske su can.

Da yayar tata ta kwanta rashin lafiya, wannan hira ta zama ita ce abincin Hajiya. A daidai lokacin ne kuma laftof ɗin ya fara ba mu kunya. Hoto ya tsaya cak, murya ta riƙa yankewa, alamar waifai ta sauko ta koma ɗigo ɗaya. Wata Juma'a Hajiya ta yi ta kiran "Yaya, kina ji na?" har sau biyar, ba amsa. Ta juyar da kai gefen bango ta ce, "Ɗauke abinka." Ranar ban iya cin tuwo ba.

Da farko na ɗora wa kamfanin intanet laifi, kamar yadda kowa ke yi. Ɗana na fari ne ya ce, "Baba, bari mu gwada wani abu." Ya tsaya a tsakiyar falo da wayarsa, sabis cike. Ya shiga ɗakin Hajiya, ya ragu amma yana aiki. Ya ajiye laftof a wuri guda, shi kuwa da ƙyar yake kamawa. Nan muka gane matsala biyu ce: sigina na raunana kafin ya isa ɗakin, sannan laftof ɗin kansa yana da tasa cutar.

Muka fara da na'urar waifai. Ashe ni da kaina na ɓoye ta a ƙasa bayan talabijin, kusa da firij, don kada yara su taɓa. Ƙarfe yana tare sigina, haka ma bangon siminti mai rodi, kuma tsakaninta da ɗakin Hajiya akwai bango uku. Muka ɗaga ta sama kan kanta a baranda, inda take kallon ƙofar ɗakin. Sigina ya ƙaru nan take.

Sai yaron ya nuna mini cewa na'urar tana fitar da layi biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Na biyun ya fi sauri, amma bai iya ratsa bango da tafiya nesa kamar na farko. Laftof ɗina kuwa a kan 5 yake maƙale. Muka mayar da shi 2.4. Muka kuma lura cewa idan ba a jona caja ba, tsarin tattalin batir yana rage wa waifai ƙarfi, sai muka kashe shi. Daga nan muka sauya kalmar sirri, domin yaran gidan haya kusan duk sun haddace ta, suna kallon ƙwallo da ita.

An samu sauƙi, amma har yanzu waya ta fi laftof kamawa. Sai na tuna watannin baya fuskarsa ta fashe a shago na kai an sauya. Na ɗauke shi na kai wa wani mai gyara daban. Ya buɗe bayansa ya nuna mini wasu siraran wayoyi biyu, fari da baƙi, waɗanda suka taso daga murfin laftof, inda eriyar take, suka bi ta maƙallin murfin zuwa wani ɗan ƙaramin kati. Ɗaya ya cire daga mazauninsa, yana lilo. Ya ce, "Alhaji, da kunne ɗaya yake ji." Ya danna shi ya zauna, aikin bai kai minti goma ba. Ya ƙara da cewa da wayar ta tsinke, akwai ɗan abin waifai da ake sokawa a USB, ba tsada, yana maye gurbinta.

Juma'ar da ta biyo, hoto ya fito tar. Hajiya ta matso har hancinta na neman taɓa gilashi. Na ji ta ce, "Yaya, ki yafe mini duk abin da na yi miki." Daga can aka amsa, "Na yafe, ni ma ki yafe mini." Na fita na ja musu ƙofa. Sun yi Juma'a huɗu bayan wannan kafin Allah Ya karɓi abinSa. Allah Ya jiƙanta da rahama.

Ɗan'uwa, in naka ya fara wannan hali, kada ka yi saurin sayen sabo. Ka gwada waya a wurin da laftof yake, ka duba inda ka ajiye na'urar waifai, ka sauya layi, ka jona caja. In duk bai yi ba, ka tuna ko an taɓa buɗe shi. Ni dai sati uku na ɓata ina zagin kamfani, kuma a cikin waɗannan Juma'o'in Hajiya ba ta ji muryar yayarta ba.