Makulli Na Nan, Ƙofa Ta Ƙi

Shekaru da dama ke nan mu malaman adabi muna shiga rumbun ajiyarmu daga nesa. Rumbun nan wata tsohuwar kwamfuta ce a harabar jami'a, mai ɗauke da waƙoƙin baka da muka naɗo a ƙauyuka, da hotunan rubuce-rubucen ajami, da kundayen ɗalibai. Hanyar shiga kuwa ita ce SSH, wadda Tatu Ylönen ya ƙirƙiro a ƙasar Finlan a 1995. Mutum yana zaune a gida, kwamfutarsa ta sa hannu da makullin sirri, rumbu ya shaida hannun, ya buɗe masa.

Da muka sabunta babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutocinmu zuwa Ubuntu 22.04, wadda ta fito a Afrilun 2022, sai ƙofa ta ƙi buɗuwa, alhali makullinmu, mai suna RSA, bai lalace ba. Dalili shi ne, tun daga OpenSSH 8.8 na 2021 aka daina amincewa da sa hannun RSA da aka ƙulla da lissafin SHA-1. A 2017 masu bincike na Google da na cibiyar CWI ta Amsterdam sun fito da takardu biyu mabambanta masu hatimin SHA-1 guda, wato hatimin ya zama abin da za a iya yi wa jabu. Tsohon rumbunmu kuwa bai san wani salon sa hannu da wannan makulli ba sai shi.

Hanyoyi biyu suka rage mana. Ta farko, a ƙara layi biyu a takardar saiti domin a yi wa tsohon salo uzuri. Ta biyu, a sabunta rumbun, a yanki sabon makulli irin Ed25519. Mun yi uzurin ga wannan na'ura kaɗai, gwargwadon lokacin kwashe kaya, sa'an nan muka rungumi ta biyu, ko da yake ta fi wahala.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, da yawa daga cikin mawaƙan nan sun riga mu gidan gaskiya, muryoyinsu kuma babu su ko'ina sai a can. Mukan koya wa ɗalibai cewa adabin baka yana ɓacewa idan mai shi ya kau. Ashe wanda aka naɗa ma yana iya ɓacewa yana nan daram, in dai hanyar zuwa gare shi ta toshe. Saboda haka wanda aka damƙa wa amanar rumbu, har da ƙofarsa aka damƙa masa.