Kududdufan Ƙasar Gumel: Wurin Shaƙatawa Ko Tarko?

Duk wanda ya bi ta Gagarawa zuwa Gumel a watan Agusta, ya zarce Maigatari ko ya ratse Sule Tankarkar, zai ga abu guda a bakin kusan kowane gari: kududdufi ya cika ya batse, yara suna ta alkafura a ciki. Ƙasar Lautai ba ta da babban kogi irin na Haɗejiya, ga shi kuma dogon hutun makaranta yakan faɗo daidai tsakiyar damina. Saboda haka kududdufi ne wurin shaƙatawar ɗalibai.

Sai dai akasarin kududdufan nan ramuka ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini ko cikon hanya. Zurfinsu ba ɗaya ba ne: nan ruwa iya gwiwa, taku ɗaya gaba ya shanye mutum, ga laka mai riƙe ƙafa. Akwai kuma tsargiya, wadda ido ba ya gani. Tsutsarta tana girma a jikin ƙananan dodon koɗi, ta shiga ta fatar mai wanka, daga baya yaro ya fara fitsarin jini, har wasu su ɗauka alamar balaga ce.

Bulala ba ta raba yaro da ruwa. Wanda ya haƙa rami, ɗan kwangila ne ko magini, a tilasta masa ya cike shi ko ya katange. Masu unguwanni su sa manya gadin bakin ruwa. Yaron da aka ga jini a fitsarinsa kuwa, a kai shi asibiti, domin maganin praziquantel yana warkar da cutar.