Rigar Mena da kwana uku babu ciniki

Yau ba farashin hatsi a Kasuwar Dole ya kawo mu ba. Maganar wasan kwallo ce ta ordinatar, kuma kada dattawa su yi saurin wucewa, don akwai abincin wani a ciki.

Muna da wani ƙane da ya buɗe ɗakin wasa da ordinatar biyu da manet huɗu. Dala ashirin ake buga mach guda. PES 2021 yake sa wa yara, wanda kamfanin Konami ya fitar a Satumban 2020, kafin ya juya sunan wasan zuwa eFootball a 2021. To wasan da aka daina sabuntawa, 'yan wasansa tsufa suke yi a tsoffin kulob. Abin da ke riƙe da shi yanzu shi ne mod, ko pach kamar yadda yara ke cewa: ƙarin da masu son wasan ke haɗawa da kansu, sabbin riguna, fuskoki, filaye, jerin 'yan wasa.

Ana saura kwana huɗu salla, muka ba shi shawarar ya sa rigar Mena, har da ta Espoir ta nan Zinder in ya samu, don kup ɗin da fadarsu ta shirya. Mu muka ba da shawarar, shi ya sa abin yake cin ranmu. Ya karɓo fishiye a kile wajen wani abokinsa, ya zuba da hannu. A PES 2021 hanyar hannu ita ce a sa fishiyen cpk cikin dosiyen download, sannan a gyara wani ƙaramin fishiye mai suna DpFileList da ke faɗa wa wasan abin da zai karanta da kuma wanne ke gaba da wanne. Shi kuwa ordinatar ta tambaye shi ko ta maye gurbin na da, ya ce e. Bai ajiye kwafi ba. Da aka kunna, ekran ya yi baƙi ƙirin.

Kwana uku ordinatar guda tana kwance. Sake sauko da wasan da pach ɗinsa giga ne masu yawa, ga forfe da tsada, ga rezo sai tsakar dare, ga kuran yana zuwa yana tafiya. Yara kuma ba su da alƙawari da kowa, suka koma ɗakin bayan layi.

Wani ɗalibin jami'ar André Salifou ne ya zo ya tayar da ita, kuma shi ya nuna mana Sider. Ita wannan manhaja ba ta taɓa ainihin wasan. Kowane mod yana zaune a ɗakinsa cikin dosiyen livecpk, sai a rubuta sunansa layi guda a sider.ini. A kunna Sider, a kunna wasa, ita za ta miƙa masa sabuwar riga a daidai lokacin da ya nema. In wani mod ya kawo rigima, a cire layinsa, shi ke nan, wasa ya koma yadda yake. Ya ce mana masu buga Skyrim a Turai da Amurka haka suke yi da Mod Organizer 2 ko Vortex, su jera ɗaruruwan mod su kunna su kashe yadda suka ga dama. Mun yi shiru muna kallonsa kamar ranar farko a ajin lissafi na lise.

Amma ba za mu zo nan mu ce muku hanyar hannu ta jahilai ce ba. Yawancin yaranmu ba ordinatar gare su ba, waya ce. PPSSPP suke bugawa, kuma a can da hannu ake yi: a buɗe fishiye da ZArchiver, a kai wannan SAVEDATA, a kai wancan TEXTURES cikin dosiyen PSP. Mai PS4 ma sai ya sa dosiyen WEPES a kile kafin kulob su samu sunayensu na gaskiya. Mun ga yaron da bai gama firamare ba yana yi wa manya wannan aiki a bakin tasha, ana ba shi na shayi. Da hannu ya koyi mene ne dosiye, ina abu yake shiga, me ya sa ya ƙi. Ɗalibin nan ma da ya cece mu, ta nan ya faro. Kuma manhajar tana da nata: bayaninta da Ingilishi yake, mu da muka yi lakkol da Faransanci sai da muka yi ta lalube, ga shi in sigarta ba ta dace da ta wasan ba, ba za ta tashi ba sam.

Inda muka tsaya dai shi ne: wayarka ce, in ta lalace kai kaɗai za ka yi haushi, to yi da hannu ka koya. Amma na'urar da ake cin abinci da ita, wadda yara goma ke layi a kanta, ba wurin gwaji ba ce. A sa mata manhaja, kuma kafin a taɓa komai a kwafe wasan gaba ɗaya a dis na waje. Dis ɗin da tsada, mun sani. Ƙanenmu ya lissafa cinikin kwana ukun jajibirin salla da ya rasa, da forfen da ya ƙone, bai ƙara yi mana gardamar kuɗin ba.

An buga kup ɗin ran kashegarin salla, a makare. Rigar Mena ta hau, ruwan lemo tas. Ta Espoir ce har yau ba mu samu wanda ya zana ba. In akwai mai hannu a cikinku, ƙofar rediyo a buɗe take bayan la'asar, ya zo da kile ɗinsa. A ordinatarmu za mu fara gwadawa, ba a ta ƙanenmu ba.